Shekarar da Na Ƙi Yaye Kulu

Bana ruwa ya yi mana halinsa. An yi shuka, gero ya fito har ya rufe ƙasa, sai sama ta ɗauke. Kullum da la'asar hadari kan taso ta wajen garin Isa, ya yi baƙi ƙirin, mu ruga mu kwashe shanya, sai iska ta watsa shi ba ko ɗigo. Jiya da hantsi ina ƙofar ɗaki ina tsinkar zogale, matar maƙwabcinmu ta leƙo gaishe ni, za ta asibitin Sabon Birni da ɗanta. Da ta sassauta goyon na ga gashin yaron ya yi ja ya kwanta, ƙafafunsa sun tasa. Ta ce a can ana ba su wani kwaɓin gyaɗa cikin leda, yaro ya tsotsa ya murmure. Na ce ta bar gaisuwar ta kama hanya. Bayan fitarta na kasa komawa kan zogalen. Na san wannan gashin. Na taɓa goya shi a bayana, lokacin da babu leda babu kwaɓi.

Abin ya doshi shekara arba'in. Muna Gangara, mu huɗu a gida: ni, maigidana Garba, Allah ya jiƙansa, uwarsa, da ɗiyata ta fari Kulu. Uwar Garba ƙanwar babana ce, shi ya sa nake ce mata Gwaggo. Ita ke riƙe da awon gida tun rasuwar mijinta. Mace ce doguwa marar yawan magana, in ta ce abu sau ɗaya ba ta maimaitawa.

Daminar da ta gabaci waccan shekarar ma ba ta yi kirki ba, saboda haka muka shiga shekarar da rumbu rabi. Ruwa ya makara. Da ya zo aka shuka, ya ɗauke, irin ya ƙone a ƙasa. Aka sake. Na biyun ya kai gwiwa, sai rana ta buɗe. Ina iya tuna yadda ganyen ke naɗewa da tsakar rana kamar an murza shi, da yamma ya ɗan buɗe, washegari ya sake naɗewa, har ranar da bai buɗe ba. Aka fita roƙon ruwa, yara suka zaga gari, tsofaffi suka yi sadakar gumba da abin da ba su da shi. Da kaka ta zo, abin da Garba ya kawo daga gona jaki ɗaya ya ɗauko shi, kuma yawanci kan gero ne marar ido.

Maza suka fara tafiya. Garba ya bi ayarin masu zuwa kudu neman aikin ƙarfi. Ranar da zai tafi Kulu na da shekara ɗaya da 'yan watanni, ta fara tafiya ke nan, tana bin sa har zaure tana faɗuwa tana tashi. Ya ɗaga ta sama ya ajiye, ya ce da uwarsa, "Inna, ga su nan." Ya fita.

Daga nan gida ya koma na mata. Tuwon dare ya zama na kwana biyu sau ɗaya. Dusar da a da muke zuba wa awaki muka riƙa tankaɗe ta muna haɗawa da gari, su awakin kuwa an riga an kai su kasuwa. Da asuba mukan fita mu da matan unguwa, kowa da ƙwaryarta, mu tsinko tafasa da yaɗiya da ganyen aduwa. Da na kusa ya ƙare muka nausa daji neman anza. 'Ya'yanta ɗaci ne da su kamar me, sai an jiƙa ana zubar da ruwan ana sakewa kwana da kwanaki kafin su ciwu. Gidan kowa warin ruwan anza yake. Har yau in na ji abin da ya yi kama da shi sai yawu ya taru mani a baki.

Wannan warin ne ya fara sanar da ni. Bai fi wata biyu da tafiyar Garba ba, na buɗe tukunyar anza da safe sai zuciyata ta tashi. Na zaga bayan ɗaki na yi amai, na tsaya dafe da danga ina lissafin al'adata. Ciki ne. Ga Kulu ba ta isa yaye ba.

A wurinmu wannan shi ake kira rurrutsa, kuma abin kunya ne ga mace. Ba kunyar kaɗai ba. Kowa ya yarda nonon mai ciki guba ne ga yaro, in ya sha zai yi zawo ya lalace. Da an gane, ranar za a cire shi a kai wa kakarsa. Haka na taso na gani, kuma ni ma da na yarda da shi.

Abin da ya sa na yi shiru, ɗan Tumba ne. Tumba maƙwabciyata ce, danga ɗaya ta raba mu, tare muke zuwa daji. Ɗanta Idi ya girmi Kulu da watanni, yaro kakkaura mai ƙiriniya. Lokacin yayensa ya yi daidai da kakar nan, aka yaye shi yadda aka saba, ba laifin kowa. Aka sa shi a tuwon dusa da ruwan ganye. Da farko ya riƙa kuka yana bin uwarsa. Daga baya ya daina kukan. Ƙafafunsa suka kumbura, kumatunsa suka cika, har wasu suka ce ƙiba yake. Gashinsa ya yi ja. Fatar cinyarsa ta riƙa saɓulewa kamar wanda ya ƙone. Sai ya zauna inda aka ajiye shi, ƙuda na bin idonsa bai kora ba. Cikin sanyi aka naɗe shi a ɗan ƙyalle aka fita da shi, mutum ɗaya ya ɗauke shi a hannu. Kuma ba shi kaɗai ba. Duk yaran da na ga an fita da su a watannin nan, waɗanda aka cire daga nono ne.

Na ɗaure cikina da zane na ci gaba da ba Kulu.

Gwaggo ba a ɓoye mata irin wannan. Wata safiya ina surfe, na ɗaga taɓarya jiri ya ɗebe ni, na durƙusa na riƙe bakin turmi. Da na ɗago tana tsaye a kaina. Ba fuskata take kallo ba, wuyana da ƙirjina take kallo.

"Wata nawa?"

Na sunkuyar da kai. "Ukku, Gwaggo."

"Kuma kina ba wagga ɗiya nono."

Na ƙara riƙe bakin turmin.

"Gobe ki shafa garahuni. Za ni aika Tsamaye uwarki ta zo ta ɗauke ta."

Tun da aka kawo ni gidan ban taɓa mayar mata da magana ba. Na ji bakina ya buɗe da kansa. "In an kai ta Tsamaye, mi za ta ci?"

"Abin da ɗiyan mutane ka ci."

"Shi Idi ya ci."

Ta dube ni. Ta ce, "Rabi, ni na haihu tara, na rufe biyar. Ba ke za ki gwada mani mutuwar yaro ba." Ta juya ta shiga ɗaki.

Washegari ta dako ganyen garahuni da hannunta, ta sa ni gaba na shafa a nono. Kulu ta kama, ɗacin ya buge ta, ta saki ta ƙwala ƙara tana dubana. Gwaggo na fita na ɗebi ruwa a randa na wanke tas, na jawo yarinyar. Ban ɓoye ba. A tsakar gida na zauna, inda in ta dawo za ta gan ni. Ta dawo ta gan ni. Ta wuce kamar ba kowa a wurin, kuma ta yi kwanaki ba ta amsa gaisuwata.

Magana ta fita gari. A bakin rijiya in na iso sai hira ta mutu. Wasu suka daina jirana in za a daji. Abin ya haɗu biyu, don Kulu ɗiyar fari ce, wadda ko sunanta bai kamata in kama ba, balle in tsaya ina jayayya da manya a kanta.

Innata ta zo da ƙafa daga Tsamaye. Da ta shigo na kusa rashin gane ta. Zanenta ya zaga ta har ya yi saura. Suka gaisa da Gwaggo, suka kira ni ɗaki. Kulu na goye a bayana.

"Sauke ta," in ji Inna. "Kin ba ni kunya cikin dangin ubanki. Ni haka na rene ki?"

"Inna, ki yi mani gafara. Ba ni sauke ta."

"Kashe ta za ki yi da wanga nono?"

"Inna, jiya mi kunka ci a gida?"

Ta kau da kai. Na sake tambaya, a hankali, don ba faɗa nake nema ba. "Shekaranjiya fa?"

Ta dubi ƙasa.

Na ce, "In kin tahi da Kulu, ba ni ƙara ganin ta." Na faɗi sunan ɓaro-ɓaro gaban su biyu. Gwaggo ta ce, "La'ilaha illallahu." Inna ta ɗaga hannu kamar za ta mare ni, sai ta sauke. Ta kwana, da safe ta koma ita kaɗai. A bakin zaure ta kunce bakin zanenta ta ba ni ɗan ƙulli na garin kuka, ta ce, "In ta mutu, a wuyanki." Na ce na ɗauka.

Na ɗauka ɗin, amma nono ba ya zuwa da taurin kai. Mai ba da shi sai ta ci. Yana raguwa ina ji, Kulu ta tsotsa ta tsotsa ta saki ta koma ɗayan. Sai Allah ya kawo wasu Fulani da fari ya koro daga Nijar, suka sauka kusa da gulbi. Shanunsu sun ƙare a hanya, 'yan awaki suka rage. A cikinsu akwai wata mata, Dudu, ita ma da goyo. Awakinta ba abin da suke so kamar 'ya'yan gawo, ita kuwa ba ta da mai kaɗo mata. Muka shirya. Nakan ɗauki doguwar gora in bi gawon da ke fadama ina kaɗawa, in cika ƙwarya in kai mata, ta tatsar mani nonon akuya ludayi ɗaya. In dawo in dama da ɗan gari in ba Kulu da cokalin duma. Ranar da akuyar ta ƙi, sai Dudu ta ce, "Yau sai haƙuri, bandiraawo," wato 'yar'uwa, mu zauna mu yi dariyar ƙafafunmu da suka tsage.

Da bazara ta shigo 'ya'yan gawo suka ƙare, Fulanin suka ɗaure kaya suka yi kudu. Daga nan ne abin ya yi tsanani. Zafi irin wanda ƙasa ke ƙona tafin ƙafa tun hantsi. Rijiya ta ja baya, guga na fitowa da laka. Mata suka koma tonon gidan tururuwa suna sheƙe ƙwayar da ke ciki, da sussukar ƙarangiya, hannu duk ƙaya. Cikina ya fito, amma ƙarami, kamar na kife ƙoƙo. Kulu ta daina tafiya. Ta koma rarrafe, daga nan ta daina rarrafen ma. Wata rana ina yi mata wanka na danna bayan ƙafarta, wurin ya lotsa bai taso ba. Gashin goshinta ya soma ja.

"Ga shi nan," in ji mata. "An faɗa mata."

Ba zan ce ban ji tsoro ba. Akwai ranar da na zauna da ita a cinya ina duban nonon, ina cewa in fa gaskiyarsu ce? Sai na tuna Idi bai sha nonon mai ciki ba, kuma ƙafarsa haka ta yi. Na sa mata a baki.

A cikin kwanakin nan na fara ganin tuwona ya fi na da. Gwaggo ce ke rabawa. Na lura tata malmalar ta koma kamar ƙwan kaza. Na ɗauki akushin na kai mata.

"Gwaggo, kin yi kuskuren rabo."

"Ban yi ba."

"Ke fa?"

"Ni ba kowa ka tsotso na." Ta tura akushin da ƙafa. "Kar ki ɗauka na yarda da abin da kike yi. Ban yarda ba. Amma mutum ukku ka ci cikin akushin ga. Ɗauke ki ba ni wuri."

Garba ya dawo da hadarin farko, baƙi, ramamme, da rabin buhun dawa a kai. Ya ajiye a tsakar gida ya tsaya yana dube-dube, bai yi sallama da ƙarfi ba. Da ya hango Kulu kwance a tabarma sai ya zauna a ƙasa inda yake. Daga baya ya ce mani da yana shigowa ta bayan gari ya ga ƙananan kushewa sababbi jere, ya gamu da mutane amma bai tambayi kowa labarin gida ba. Uwarsa ta zayyana masa duk abin da na yi, ba ragi. Ya saurara har ta gama. Ya ce, "Inna, tana numfashi." Bai ƙara ba.

Ruwa ya sauka da la'asar, mai ƙarfi, ƙamshin ƙasa ya cika gari, yara tsirara suna ihu a lungu. Washegari duk mai sauran ƙarfi ya fita shuka. Ni kuwa naƙuda ta kama ni, wata bai cika ba. Gwaggo ta karɓi haihuwar. Namiji ne. Tafin hannunta biyu ya ɗauke shi. Kukansa kamar na ɗan kyanwa. Garba ya dawo da laka a ƙafa ya yi masa huɗuba da Sanusi.

Gwaggo ta ɗauke Kulu ta kai ɗakinta, ta ce yanzu nono na jariri ne. Wannan karon ban yi musu ba. Aka dama mani kunun kanwa da dawar da Garba ya kawo, na sha har na ji gumi. Amma Sanusi bai da ƙarfin kamawa. Sai in matsa masa a baki, ya haɗiye kaɗan, saura ya biyo gefen baki. Na sa shi a ƙirjina fata da fata, na rufe mu da zane. Bai kai suna ba. Wata rana da hantsi na ji jikinsa ya yi sanyi a jikina.

Mata suka zo gaisuwa suka cika ɗaki. Ana ta Allah ya sa mai ceto ne, ina amin. Sai wata tsohuwa daga dangin Garba ta ce, ba da ƙarfi ba amma yadda kowa zai ji, "Ai abincin ƙaramin anka ba babba. Ga shi an rasa ɗaya, ɗayar ma ga ta nan ga yadda take."

Mai jego da ta rasa ɗa ba ta magana. Ni na yi.

"Iya, Allah ya ba ni, Allah ya karɓa, na yarda. Amma kar a ce nono ya kashe shi. Wata bakwai ganye da dusa nike ci. Ku duka kun san abin da ya kashe ɗiyan garin ga, kun kwana da shi kun tashi da shi. Ku kira shi da sunanshi."

Sai Tumba, da ke zaune bakin ƙofa, wadda tun rasuwar Idi ba ta cika magana ba, ta ce, "Ni kan ƙa'ida na yaye nawa. Ba ciki gare ni ba. Yana ina?"

Ɗaya bayan ɗaya suka tashi.

Kashegari nono ya zo. Duk watannin nan ina roƙonsa ɗigo-ɗigo, sai ga shi ya cika har ya yi tauri, yana zuba yana jiƙa zane, ga zazzaɓi, ga ba mai sha. Na zauna na jingina da bango ina kuka, kukan da ban yi ba ranar da aka fita da yaron. Ta ɗakin Gwaggo ina jin numfashin Kulu, kwanakin nan ba abin da ke zama a cikinta.

Labule ya ɗaga. Gwaggo ce, da Kulu a hannu, kan yarinyar na lilo a kafaɗarta. Ta tsaya ta dubi zanena da ya jiƙe. Ta durƙusa, abin da ban taɓa ganin ta yi a gabana ba, ta ɗora mani ita a cinya, ta tallafo kan da hannunta.

"Ba ta," ta ce. "Ƙanenta ya bar mata."

Kulu ta yi kamar ba za ta kama ba. Sai ta kama. Ina jin ƙarar haɗiyarta. Gwaggo ba ta tashi ba har yarinyar ta saki da kanta ta yi barci, nono na bin kumatunta.

Ba a rana ɗaya ta warke ba. Kumburin ya fara saɓewa, sai ta zama ƙashi da fata, har ta fi ban tsoro. Daga baya ta fara kuka, kuma ban taɓa murna da kukan yaro irin wannan ba. Ta fara ƙwace abu a hannun mutane. Baƙin gashi ya fito ƙarƙashin jan. Daminar ta yi kyau, kuma lokacin da aka fara gasa tumu ta kama turmi ta miƙe, ƙafafun na karkarwa. Sai da gero ya shiga rumbu na yaye ta, da kaina, a ɗakina. Gwaggo har ta rasu ba ta taɓa cewa na yi daidai ba, ni ma ban nema ba.

Kulu ba ta yi tsawo ba. Ƙannenta da na haifa cikin ƙoshi duk sun wuce ta, har autar. Tana 'yar shekara goma sha biyu ta dawo daga rijiya ranta a ɓace, ta dire tulu, wai 'yan mata na kiranta guntuwa.

"Inna, don mi ni kaɗai nike haka? Ke doguwa, Baba dogo."

Na ce ta matso. Na kama kafaɗunta, masu ƙarfi kamar na namiji, na dube ta sama da ƙasa.

"Tsawonki fari ya ci," na ce. "Iyakar abin da ya samu ke nan. Sauran na hana shi. Ɗauki tulunki ki koma, randa ba ta cika ba."